Yadda za ka kalli zanen ƙauyawa na mutanen Holan na da, tun daga wayarka

Akwai wani ɗan zane da ya daɗe a wayata, na wata tsohuwa mai suyar fanke a bakin hanya, nasu fanken mai faɗi ne kamar sinasir, yara sun yi mata rumfa kowa ya zuba wa kasko ido, can ƙasa kuma wani ɗan yaro mai kumatu ya zauna dirshan yana janye nasa gefe saboda kare ya kawo baki zai wafce. Rembrandt, shahararren mai zane ɗan Holan, shi ya yi shi a 1635, kuma in ka ga ainihinsa da ƙyar ya cika tafin hannu, tsawonsa wajen santimita 11 ne kawai. Kusan duk wanda na nuna wa sai ya ce ai wannan da biro aka yi. Toh ba biro bane, ba kuma fensir ba, a jikin jan ƙarfe aka zana shi, asid ya ci, sannan aka buga a takarda, kuma in mutum bai san wannan ba rabin daɗin kallon ya wuce shi. Shi yasa na ce bari in zauna in rubuta yadda ni nake bi in kalli irin wannan aikin, ko wani zai ƙaru.

Ka fara da sanin yadda ake yinsa, don komai daga nan yake tasowa. Mai zane zai samu farantin jan ƙarfe siriri, ya goge shi tas har yana ɗaukar ido, sai ya ɗumama shi ya shafe fuskarsa da wani haɗi na kakin zuma da ƙaro da kwalta, yawanci kuma sai a kara shi a hayaƙin kyandir ya yi baƙi don a riƙa ganin abinda ake zanawa. Daga nan sai ya ɗauki allura ya yi ta zane a kan kakin, ba ƙarfen yake sassaƙawa ba fa, kakin kawai yake karcewa, shi yasa hannunsa ke tafiya sakayau kamar mai rubutu a takarda. In ya gama sai a sa wa farantin asid. Duk inda kaki ya rufe asid ba ya taɓawa, duk inda allura ta bi ta buɗe sai ya ci ya yi ɗan kwarmi. In ka san yadda ake atamfa mai kaki, irin 'yar Holan ɗin nan da iyayenmu mata ke ji da ita, inda kaki ya zauna rini ba ya shiga, toh dabarar kusan ɗaya ce. Bayan an wanke kakin sai a cusa tawada mai kauri cikin kwarmin, a goge saman da tsumma, a ƙarasa da tafin hannu, a ɗora takarda mai danshi, a rufa da bargo, a tura cikin injin matsi mai gangunan katako guda biyu. Takardar ita ke shiga kwarmin ta tsotso tawadar. Ana ɗagawa zane ya fito, kuma kowane bugu ɗaya sai an sake cusa tawada an sake gogewa daga farko.

Abu biyu ka riƙe daga wannan bayanin. Na farko, zanen a juye yake fitowa kamar hatimi, abinda mai zane ya sa a dama a takarda hagu zai koma, har sa hannunsa sai ya rubuta shi a baibai, shi yasa wani lokacin za ka ga wata lamba a cikin shekara ta juya baya, ba kuskuren gidan tarihi bane, mai aikin ne ya sha'afa. Na biyu, babu launin toka a cikin wannan aikin ko kaɗan. Baƙin layi ne da farar takarda shikenan. Duk wani duhu-duhu da za ka gani a lungun ɗaki, layuka ne aka jera kusa-kusa aka gitta wasu a kai, duk wani haske kuma takarda ce aka bari ba a taɓa ba.

Sai inda za ka same su. Ka shiga shafin gidan tarihi na Rijksmuseum da ke Amstadam, suna da tarin irin waɗannan bugun masu yawan gaske kuma hotunan suna da kyau sosai, kana iya buɗawa har ka ga zaren takarda. A wurin bincike ka rubuta sunan mai zanen, in kana so ka taƙaita sai ka ƙara kalmar ets, wato sunan wannan aikin a yarensu, boer kuma manomi kenan, bedelaar mabaraci. Za ka lura lambar kayan tana farawa da RP-P, alamar daga sashen bugun takarda yake. Gidan tarihi na Metropolitan da ke New York da National Gallery of Art na Washington su ma sun saki hotunansu kyauta, haka British Museum na Landan yana da su a shafinsa. Shawarata kar ka tsaya a ƙananan hotunan da Google ke jerowa, kar kuma ka dogara da sikirinshot da wani ya tura a WhatsApp, an riga an matse su layukan sun narke sun zama toka, kaga abinda ka zo gani ya tafi kenan. Gara ka sadaukar da data ka sauke guda 3 masu nauyi da ka tara guda 50 marasa amfani.

Sunayen da za ka fara da su ba su da yawa. Adriaen van Ostade shine uban tafiya a zanen ƙauyawa, mutumin garin Haarlem ne, an haife shi 1610 ya rasu 1685, kuma aikinsa na jan ƙarfe wajen guda 50 ne kacal, kana iya kallonsu duka a sati ɗaya ba gaggawa. Sai Rembrandt, haifaffen Leiden a 1606, ya rasu a Amstadam 1669, shi nasa sun kai wajen 300 amma ba duka bane na talakawa, ka nemi na mabarata da masu talla. Sai almajiran Ostade biyu, Cornelis Bega wanda annoba ta ɗauke a 1664 yana ɗan shekara talatin da 'yan kai, da Cornelis Dusart da ya rasu 1704. Ni dai da Ostade nake cewa a fara, don shi ba ya sauri, kuma kai ma sai ya koya maka rashin sauri.

Toh ka buɗe zanensa na iyali na shekarar 1647. Kar ka yi zumin tukuna. Ka fara kallonsa gaba ɗaya a girman allon wayarka, ka ɗan runtse ido ka tambayi kanka daga ina haske ke shigowa kuma a kan wa ya sauka. Za ka ga ɗaki ne guda mai duhu, rufin katako, tarkace ko'ina, amma hasken ya tattaru a kan uwa da jaririnta, uban kuma yana yanka burodi. Sai ka bi ɗakin a hankali kamar baƙon da ya yi sallama aka ce ya shigo, ka fara daga ƙasa, me ke yashe a daɓe, me aka rataye a bango, me aka cusa a saman rufi, ina karen gidan, me yake jira. Ostade mutum ne mai son kayan gida, tukunya da kwando da tsani da tsintsiya duk sai ya ba su haƙƙinsu, kuma a nan ne za ka ga yadda mutane suka rayu, abinda littafin tarihin sarakuna ba zai tsaya gaya maka ba. Sai bayan ka gama wannan zagayen ka sa yatsu biyu ka buɗa. Ka je lungu mafi duhu ka ƙirga sau nawa layuka suka gitta juna, sannan ka dawo fuskar uwar ka ga 'yan layukan da suka yi ta, ba su da yawa wallahi, amma ga gajiya ga natsuwa duk sun fito. Ni wannan wurin ne yake tsayar da ni kullum, yadda mutum zai san inda ya kamata ya cire hannunsa ya bar takarda ta yi magana.

Haka za ka yi wa sauran. Akwai mai gyaran takalmi na 1671, yana cikin 'yar rumfarsa a gindin gida yana aiki, wani ya zauna a waje yana zuƙar lofe yana ta yi masa hira, kare kuma yana barci a saman rumfar, duk wanda ya taɓa zama wurin shumeka yana jiran takalminsa ya san wannan zaman. Akwai mai burodi da ya leƙo ta ƙofa yana busa ƙaho don unguwa ta san burodi ya fito. Akwai mai washin wuƙa, akwai mace mai kaɗi a ƙofar gida, akwai mai tallar magani na 1648 da ya baza kwalabensa mutane sun kewaye shi har da yara. Ka lura da ƙofofinsu masu rabi biyu, a buɗe sama a bar ƙasa a rufe, mutum ya jingina yana magana da na waje ba tare da ya fito ba ko ya bar shi ya shigo, masu zanen nan suna matuƙar son wannan ƙofar domin a bakinta ne na cikin gida da na titi ke haɗuwa.

Kuma a bakin irin ƙofar ne Rembrandt ya yi biyu daga cikin waɗanda na fi so, ka sauke su ka jera su kusa da juna. Na 1632 mai tallar maganin ɓera ne, ya riƙe doguwar sanda da kwando a samanta, matattun ɓeraye na reto, wani mai rai na kan kafaɗarsa, yaronsa na riƙe da akwatin magani, shi kuma maigidan ya leƙo ta saman ƙofa yana kau da kai yana ture hannun mutumin cikin ƙyama. Na 1648 kuma iyalin mabarata ne, mace da goyo a baya, tsoho, da yaro da ya ba mu baya, maigidan ya miƙo hannu yana sa mata kuɗi a tafi. Ka dubi hannuwan kawai a duka biyun. Shekara 16 ce tsakaninsu, a na farko ya cika ko'ina da layi, bishiya da katanga da komai, a na biyu kuma ya bar kusan rabin takardar fari fat a bayan mabaratan, sai suka tsaya cak da mutuncinsu kamar wasu manya. Akwai ma wani na 1630, mabaraci zaune a kan tudu baki buɗe yana miƙo hannu, in ka haɗa shi da hotunan da Rembrandt ya zana na kansa a wannan shekarar za ka ga fuskarsa ce ya sa wa mabaracin. Ba shi ya fara zanen mabarata a jan ƙarfe ba, Jacques Callot na garin Nancy da ke Faransa ta yau ya riga shi da jerin nasa tun farkon shekarun 1620, amma na Rembrandt sai ka ji kamar ka taɓa gamuwa da su.

Yanzu ga abinda na fi so mai karatu ya riƙe, don nan ne mutane da yawa ke zamewa. Kar ka ɗauka waɗannan zanen kamara ce aka kai ƙauye. Ostade ɗan birni ne, masu sayen aikinsa ma 'yan birni ne, 'yan kasuwa da masu sana'a da masu tara kayan zane, waɗanda yawanci a cikin manyan kundaye suke manna bugun, in baƙo ya zo a buɗe a kalla tare. A wancan ƙarnin fiye da rabin mutanen lardin Holan a birane suke zaune, abinda ba kasafai ake samu ba a Turai a lokacin, Amstadam ita kaɗai ta kai mutum wajen 200,000 a shekarun 1660. Kuma manoman ƙasar da yawa ba matsiyata bane. Hatsi daga yankin tekun Baltik ake shigo da shi ta jiragen ruwa, su kuma sun koma kiwon shanu suna kai cuku da man shanu kasuwannin Alkmaar da Gouda da Edam, ga sabbin filaye da ake samu ta hanyar janye ruwa da injinan iska, kamar tafkin Beemster da aka busar a 1612 ya zama gonaki. Amma manomi mai garke da riba a aljihu ba shi ne ya cika zanen ba. Wanda ya cika shi gajere ne mai ƙaton kai, hula ta rufe ido, gida ya karkace, tulun giya a hannu. Kaga kenan akwai zaɓi a ciki, abinda ɗan birni ke son gani ne game da ɗan ƙauye, wani lokaci don ya yi dariya, wani lokaci don ya ja wa 'ya'yansa kunne, wani lokaci kuma don kewar wata rayuwa mai sauƙi da shi kansa bai taɓa yi ba. Mu ma nan mun san yadda kalmar baƙauye ke fita a bakin ɗan birni, da yadda ake sa shi a wasan kwaikwayo, saboda haka abin ba baƙo bane a wurinmu.

Don haka duk zanen da ka buɗe ka tambayi kanka, mai zanen nan dariya yake yi wa mutanen nan ko zama ya yi tare da su? Amsar tana cikin fuska da tsayuwar jiki da kuma inda ya ajiye ka kai mai kallo. Gwaji mai kyau shine ka ɗauki guda biyu na Ostade da duk suke ɗauke da shekarar 1653. A ɗaya rigima ce ta kaure an zaro wuƙaƙe, a ɗayan kuma iyali ne talakawa sun kewaye ɗan abincinsu suna addu'a kafin su ci, ɗaki tsit, ba abin dariya ko ɗaya. Hannu ɗaya, shekara ɗaya. Ana yawan cewa ya fara da hayaniya irin ta Adriaen Brouwer, wani mai zanen ƙauyawa na zamaninsa, a zanensa na fenti na shekarun 1630 sannan ya natsu da ya manyanta, kuma akwai gaskiya a ciki, amma waɗannan biyun suna nuna maka cewa kasuwar tana son duka biyun kuma shi ya iya duka biyun. Ni a ganina na addu'ar ya fi, ba don ya fi tarbiyya kawai ba, sai don a cikinsa ya kalli mutanen sosai, a na faɗan kuwa siffar da kowa ya saba ce ya maimaita.

In faɗa maka tun yanzu, za ka ci karo da mashaya da yawa, da masu caca, da rawa, da yankan alade, har da na mutum yana fitsari a tsaye, Rembrandt ya yi irinsa a 1631. Rayuwarsu ce da al'adarsu haka, wanda bai yi maka ba ka wuce, akwai isassun da za ka tsaya a kai. Sannan wasu abubuwan suna da ma'ana ta biyu a wurin mutanen lokacin, misali a karin maganarsu sayar wa mutum tabarau yana iya nufin yaudararsa, toh in ka ga mai tallar tabarau a ƙofar tsohuwa ka san mai saye na wancan zamanin da murmushi yake kallo. Taba ma sabuwar aba ce a lokacin, lofen yumɓu fari da ake yi a Gouda ya cika ko'ina, masu wa'azinsu na sukarta. Amma kar ka wuce gona da iri ka ce kowace tsintsiya da kowace kaza sai tana da fassara, wani lokacin kaza kaza ce kawai, tana tsakar gida ne don a nan kaji ke zama.

Sai ka koyi karanta ɗan rubutun da ke ƙasa ko a lungu. In ka ga harafin f ko fecit bayan suna, Latin ne, ma'ana shi ya yi. Inv. na nufin shi ya ƙirƙiro hoton ko da wani ne ya sa shi a ƙarfe, excud. kuma mai bugawa da sayarwa ne. Rembrandt yana saurayi da RHL yake sa hannu kafin ya koma rubuta sunansa. In ka ga B da lamba a bayanin gidan tarihi, lissafin wani masani ne na Vienna mai suna Adam Bartsch wanda ya jera ayyukan ya ba su lambobi sama da shekara 200 da suka wuce, har yau da shi ake amfani, kuma yana taimakawa sosai domin suna na iya bambanta daga wannan gidan tarihi zuwa wancan amma lambar ba ta canzawa.

Daga nan sai maganar mataki, wadda ita ce ke mayar da mutum mayen abin. Tunda faranti yana nan, mai zane na iya buga 'yan kwafi, ya duba, bai gamsu ba, ya koma ya ƙara layi ko ya kankare wani wuri ya sake bugawa. Kowane canji mataki ne sabo, za ka ga an rubuta II/IV misali, wato na biyu cikin huɗu. Rembrandt ya yi wani babban aiki a 1655 da ya kai mataki 8, a na baya-bayan ya kankare taron mutanen da ke gaba ɗungurungum. Abinda za ka yi shine ka nemo zane ɗaya a gidajen tarihi biyu ko uku, ka jera, ka yi ta neman bambanci, nan inuwa ta ƙaru, can an ƙara layi a hula. Kuma a nan za ka gane wani abu, jan ƙarfe yana da laushi, duk matsawa ɗaya yana cinye shi kaɗan, sai bugun farko ya fito baƙi sitik mai kaifi, na baya ya fito a koɗe kamar rigar da ta sha wanki. Farantan kuma sun fi masu su tsawon rai. Na Ostade an sake buga su a Amstadam a 1710 bayan rasuwarsa, daga baya suka faɗa hannun masu bugu a Faransa, na Rembrandt ma wajen 80 suna nan har yau kuma an yi ta bugu da su ɗaruruwan shekaru, wasu an sake bin layukansu da hannun wani. Saboda haka a ce maka daga farantin Rembrandt aka buga ba ya nufin ya taɓa ganin takardar.

Wannan yana da amfani ko da ba saye za ka yi ba, amma in har ka yi niyyar saye ka nutsu. Wani abokina ya taɓa tura kuɗi masu ɗan kauri wa wani mai sayarwa a intanet, abin ya iso cikin firem mai kyau, da muka cire muka sa gilashin ƙara girma sai ga ɗigo-ɗigo a jere irin na injin buga mujalla, ranar bai ci abincin kirki ba. Na gaske ba ya da ɗigo, layi ne, kuma tawadar tana ɗan tasowa a kan takarda tunda daga kwarmi aka tsotso ta. Akwai kuma shatar bakin faranti da ta danne takardar a kewaye, sai dai tsofaffin masu tarawa kan yanke gefen, kuma masu jabu sun iya danna shatar ƙarya, don haka ita kaɗai ba hujja bace. Takardar wancan zamanin da tsumma ake yinta da hannu, in ka ɗaga ta a haske za ka ga siraran layuka a jere da wasu masu tazara sun ratsa su, sau da yawa har da tambari a cikin jikinta, kamar kan wawan sarki mai hular ƙararrawa ko tambarin birnin Amstadam. Rembrandt ma har takardar Japan ya riƙa amfani da ita daga wajen 1647, mai santsi mai ɗan ruwan ƙwai, tunda 'yan kasuwar Holan ne kaɗai Turawan da Japan ta bari suna ciniki da ita a lokacin.

Abu na ƙarshe da zan ce ka yi, kuma shi ya fi koya min fiye da duk karatu, ka gwada da hannunka. Ka fara da biro baƙi da farar takarda, ka zaɓi ɗan wuri ƙarami a zanen Ostade, tulu ɗaya ko hula ɗaya, ka kwaikwaya layi bayan layi ba tare da ka shafa da yatsa ba, minti 20 kawai, za ka gane cewa layukan suna bin jikin abin ne, a kan tulu suna lanƙwasa, a kan katako suna miƙewa. In kana son ka ji yadda bugun yake, kar ka kusanci asid ko kaɗan, yana ƙona fata kuma tururinsa na illa ga huhu, ba abin wasa a gida bane. Ka samu kwalin lemo ko na madara irin mai azurfa a ciki, ka farka ka wanke ka yanki ɗan murabba'i, ka zana a gefen azurfar da babbar allura ko ƙusa mai tsini kana ɗan dannawa. Ka roƙi 'yar tawada mai maiƙo a wurin masu buga katin biki, cokali ɗaya ya isa, ka cusa ta cikin layukan da guntun kwali, ka goge saman da tsumma sannan da takardar jarida a hankali kar ka kwashe ta cikin layin. Takardar da za ka buga a kai mai ɗan kauri za ka nema, ka jiƙa ta, ka sa ta tsakanin tawul ka danne har ta daina sheƙi ta zama danshi kawai. Sai ka haɗa su fuska da fuska, ka naɗe da guntun yadi mai laushi, ka ari injin murza taliya a wurin Hajiya ko uwargida, ka buɗe shi a lamba mai faɗi ka murza sau ɗaya ba tsayawa. In ya fito a dushe ka ƙara matse injin lamba ɗaya ko ka ƙara wa takardar danshi, in ya fito da dabbare-dabbare gogewar ce ba ta isa ba. Kwalin ba ya jure bugu da yawa, daga na biyar ko na shida za ka ga layukan sun fara mutuwa, toh ka rubuta lamba a bayan kowanne da fensir, ka jera su a tabarma ka duba na farko da na ƙarshe. Injin kuma ka wanke shi da kyau ka goge da mai kafin ka mayar kicin.